Yadda Ake Fita Nutso da Iyo a Tsibiran Teku na Yini Guda

Fita ta yini guda zuwa tsibiran da ke nesa da gaɓa tsarinta kusan ɗaya ne ko'ina: a taru da sassafe, jirgin ruwa ya yi tafiyar sa'a ɗaya ko biyu, a shiga ruwa sau biyu da hutu a tsakani, a dawo kafin rana ta faɗi. Mutanen jirgin kashi biyu ne. Akwai masu iyo da bututu, waɗanda ke kwanciya a saman ruwa fuska a ƙasa suna kallo. Akwai kuma masu nutso da tukunyar iska a baya, wato 'yan sikuba. Wannan bayani na wanda zai fita karon farko ne, ko wanne ya zaɓa. Abu biyu na fi gani suna ɓata wa sabon shiga rana: gaggawa, da kunyar buɗe baki ya ce wani abu bai yi masa daidai ba.

Kayan aiki

Yawancin kayan kamfanin da ya shirya fitar ne zai ba ka, amma kai za ka gwada su, don haka ka san abin da kake dubawa.

*Tabaran ruwa.* Dole ya rufe ido da hanci tare. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci. In ya manne ya zauna, naka ne. In ya faɗo, a canza maka. Ƙaramin tabarau na masu ninƙaya wanda ido kaɗai yake rufewa ba ya aikin nutso, domin ba ta inda za ka hura masa iska idan ruwa ya matse shi. Mai gashin baki ya rage na ƙarƙashin hanci, in ba haka ba ruwa zai yi ta tsiyaya ciki.

*Bututun numfashi* da *takalman iyo* masu faɗi. Takalmin da ya matse zai ɗaure maka jijiyar ƙafa, wanda ya yi yawa kuma zai saɓule ko ya goge dunduniya. In babu daidai ƙafarka, ɗauki mai ɗan girma ka sa safa.

*Rigar roba.* Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska da ninki ashirin ko sama, shi ya sa ko a teku mai ɗumi mutum kan fara rawar sanyi bayan minti arba'in. Mai kaurin milimita 3 ta isa a ruwa mai ɗumi, inda ya fi sanyi sai mai 5 ko 7. Ta kama jiki amma kada ta hana ka cika ƙirji. Mai iyo da bututu in bai samu ba, riga mai dogon hannu da dogon wando marar nauyi sun wadatar, domin babban abokin gabansa rana ce.

Mai nutso yana da ƙari. *Tukunyar iska* yawanci lita 11 ko 12 ce, a cike tana nuna kusan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Iskar da muke shaƙa kullum ce aka tace aka matse a ciki, ba zallar oksijin ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. *Na'urar shaƙa* ita ke rage ƙarfin iskar ta miƙo maka daidai lokacin da ka ja, kuma jikar wadda Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera ce a Faransa a 1943. Tana da baki biyu: naka, da na ko-ta-kwana wanda galibi ruwan ɗorawa ne. Sai *agogon iska* mai nuna abin da ya rage a tukunya, *falmaran iska* da ake hura wa iska ko a sace ta don daidaita nauyi, *bel ɗin dalma*, da *kwamfutar hannu* mai lissafin zurfi da lokaci.

Daga gida ka taho da tawul, hula, kayan canji, ruwan sha isasshe, maganin jiri, usur, jakar da ruwa ba ya shiga don waya, da katin shaidar nutso in kana da shi. Man kariya daga rana kuma a duba jikin kwalbarsa. Ƙasar Palau tun 2020 da jihar Hawaii tun 2021 sun hana sayar da masu sinadaran oxybenzone da octinoxate don kare murjanin teku, kuma jiragen fita da dama suna bin wannan ko da doka ba ta tilasta musu ba.

1. Zaɓi waɗanda za su kai ka

Kafin ka biya, yi tambaya. Jagororin suna da shaidar wata sananniyar ƙungiyar horar da masu nutso kamar PADI, SSI ko CMAS? Mutum nawa ne a hannun jagora ɗaya? A ganina sabbin shiga kada su wuce huɗu. Akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a jirgin, da rediyo, da rigunan ceto? Ina ne asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wanda nutso ya yi wa illa? Wanda ya san aikinsa zai amsa waɗannan ba tare da ya tsaya tunani ba. Wanda ya ce "kar ka damu, babu abin da zai faru", ka nemi wani.

Ka san matsayinka kuma. Wanda ba shi da kati zai iya yin nutson gwaji tare da malami, iyakarsa mita 12, kuma a tsarin PADI daga shekara 10 ake farawa. Mai katin farko iyakarsa mita 18, mai na gaba 30, nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce 40. In ba ka iya ninƙaya ba, faɗi tun a nan. Za a sa maka rigar ceto, jagora ya ja ka da tayar roba, ka ga kifi kamar kowa. Ɓoyewar ce ke jawo matsala.

2. Cika takardar lafiya da gaskiya

Za a ba ka takarda mai tambayoyi kan asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga, tiyatar kunne ko ta ƙirji, da juna biyu. Mutane kan rubuta "a'a" daga sama har ƙasa don kada a hana su. Kar ka yi. Amsa "e" ba lallai ta hana ka ba, sau da yawa takardar likita kawai za a nema, shi ya sa ya fi kyau ka karɓi takardar kwanaki kafin ranar. Mai juna biyu ba ta nutso da tukunya.

Mura ma dalili ce ta fasawa. Hanci a toshe yana nufin hanyar kunne a toshe, kuma za ka ga dalilin a mataki na 9. Shan maganin buɗe hanci don a samu a shiga dabara ce mai hatsari, domin yana iya sakinka kana ƙasa. Mai mura ya koma cikin masu bututu ranar.

Duba tikitin jirgin samanka. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, ita ce kafin a hau jirgin sama a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, sa'a 18 bayan biyu ko fiye. Da yawanmu cikakken yini muke bari.

3. Dare da safiyar fita

Yi barci sosai, kada a sha barasa, a ci abinci marar nauyi da safe. Fita da ciki wayam ba ya hana amai, ƙara shi yake yi. Maganin jiri kafin a hau jirgi ake shansa, kamar sa'a guda, domin in zuciya ta fara tashi ya makara. In ba ka taɓa shan irinsa ba, gwada shi kwana ɗaya kafin nan ka ga ko yana sa ka barci, ka kuma gaya wa malami ka sha.

4. A cikin jirgi

Zauna a tsakiya inda jijjiga ta fi sauƙi, inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji. Ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, waya a jaka. In amai ya zo, je gefen da iska ke kaɗawa zuwa waje. Ma'aikatan jirgi sun ga dubunsa, ba wanda zai kalle ka.

Za a kira suna kafin a tashi, a sake kira bayan kowace shiga ruwa. Amsa da bakinka, kada wani ya amsa maka. A watan Janairun 1998 wani jirgi ya baro ma'aurata 'yan Amurka a Great Barrier Reef ta Ostiraliya, ba a lura ba sai bayan kwana biyu, kuma ba a sake ganinsu ba. In ka ga jirgi zai ɗaga anka ba a ƙirga mutane da suna ba, yi magana.

Idan jagora ya fara bayani, ajiye duk abin da ke hannunka. Zai faɗi zurfin wurin, inda ruwa ke ja, ta inda ake shiga da fita, da tsawon lokaci. Zai kuma bi alamomin hannu:

- Da'ira da babban yatsa da manuni: lafiya lau. Tambaya ce kuma amsa ce, in an yi maka ka mayar.
- Babban yatsa sama: mu hau. Sabbin shiga kan yi ta don nuna jin daɗi, sai jagora ya fito da su.
- Tafi a shimfiɗe ana karkaɗa shi: akwai matsala. Sai ka nuna wurin, kunne ne ko tabarau.
- Hannu yana yanka a maƙogwaro: iska ta ƙare.
- A saman ruwa, hannu a kan ka: lafiya. Kaɗa hannu sama kuwa neman ceto ne, don haka kada ka yi wa mutanen jirgi gaisuwa da shi.

5. Hana tabarau yin hazo

Tun yana bushe, tofa yawu a cikin gilashin, murza da yatsa, ɗauraye sau ɗaya a gurguje, ka sa. Ɗigon sabulun wankin kan jarirai ma yana yi. In sabo ne fil, a wanke cikinsa da man goge baki tun a gida. Kada ka ɗaure shi tamau, matsewa ke sa shi yoyo. A tabbata gashi ko gefen ɗankwali bai shiga ƙarƙashin robar ba.

6. Iyo da bututu

Kar ka fara da tafiya. Riƙe igiyar jirgi ko tsani, sa fuska a ruwa, yi numfashi goma a hankali ta baki har jikinka ya yarda cewa iska na zuwa. Daga nan ka kwanta a miƙe, hannuwa a gefe, ka riƙa kaɗa ƙafa daga cinya, gwiwa a ɗan sake. Mai tuƙa ƙafa kamar yana kan keke gajiya kawai yake tarawa.

In ruwa ya shiga bututu, fesar da shi da hurawa ɗaya mai ƙarfi, sannan ka ja numfashin farko a hankali ko akwai saura. In ya faskara, ɗaga kai ka cire bututun. Jijiyar ƙafa in ta ɗaure, kama bakin takalmin ka ja shi wajenka ƙafa a miƙe.

Fara iyo kana fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin ya dawo da kai sa'ad da ka gaji. Duk bayan ɗan lokaci ɗaga kai ka nemi jirgi da abokinka. Kifi yana ɗauke hankali, ruwa kuma yana tafiya da mutum shiru. In ka ga ya fi ƙarfinka kada ka yi kokawa da shi: kwanta ta baya, busa usur, jirgi zai zo.

Masu son su riƙe numfashi su leƙa ƙasa, kada su yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa. Hakan yana kashe alamar da jiki ke ba mutum cewa yana buƙatar iska, sai ya suma a ruwa ba tare da ya ji komai ba. Ɗaya ya nutsa, ɗaya ya tsaya a sama yana kallonsa. Bayan wuya da bayan gwiwa su rana ta fi ƙonawa, su ne kuma aka fi mantawa.

7. Abin da mai nutso zai sani kafin ya shiga

Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Iskar da ke kunne da tabarau tana matsewa in kana sauka, ta huhu tana buɗewa in kana hawa. Huhun da aka cika a mita 10 aka riƙe numfashi har sama, iskar cikinsa za ta ninka biyu, kuma huhu ba ya ɗaukar haka. Ko mita biyu ko uku sun isa su yi ɓarna. Dokar farko ke nan: da tukunya a bayanka, ba a riƙe numfashi ko sau ɗaya.

Na biyu, a ƙarƙashin matsi iskar naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka. In ka hau a hankali, huhu zai fitar da ita. In ka hau da gudu sai ta yi kumfa a jiki, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya. Na uku, tukunya tana ƙarewa da sauri gwargwadon zurfi: ninki biyu a mita 10, ninki uku a 20.

8. Duba kayan juna

Kai da abokin nutsonka ku tsaya fuska da fuska. Falmaran tana hurawa tana sacewa? Dalma tana nan, kuma kowa ya san yadda zai cire ta ɗan'uwansa? Maɗaurai sun kama, tukunya ba ta zamewa? Sai iska: a buɗe tukunya har ƙarshe, ka ja numfashi uku ko huɗu kana kallon agogo. In allurar ta motsa, tukunyar ba ta buɗu sosai ba. In iskar tana warin mai ko hayaƙi, a canza tukunya, babu jayayya. Gwada bakin ko-ta-kwana shi ma. Ko da ma'aikaci ne ya haɗa maka kayan, ka duba da kanka.

9. Shiga da sauka

Hura falmaran rabi, sa bakin shaƙa, danne shi da tabarau da tafin hannu ɗaya. A babban jirgi taki ɗaya mai faɗi ake yi zuwa ruwa, ido a gaba. A ƙaramin kwalekwale ana zama a gefe a kifa ta baya. Duba ƙasa ko akwai mutum tukuna. Kana tasowa ka sa hannu a ka, ka matsa gefe.

Ga gwajin dalma: falmaran a sace, numfashi na yau da kullum a ƙirji, ruwa ya tsaya maka a daidai ido. In ka nutse kamar dutse ta yi yawa.

Sauka a tsaye, ƙafa a ƙasa, kana bin igiya in akwai. A nan kunne ke shigowa, kuma a nan yawancin nutson farko ke lalacewa. Toshe hanci da yatsu ta kan robar tabarau, hura a hankali har ka ji kunne ya buɗe. Fara tun kana sama, ka maimaita kowace mita, kafin zafi ya zo. In ya ƙi, tsaya, hau mita ɗaya, haɗiye yawu, motsa muƙamuƙi, karkata kai, sake gwadawa. Kada ka hura da ƙarfi kuma kada ka daure ka ci gaba, dodon kunne yana fashewa. Jagora zai jira ka, aikinsa ke nan. In ya ƙi sam, ka haƙura da nutson ranar. Riƙa sakin ɗan iska ta hanci cikin tabarau don kada ya tsotse maka ido.

10. A ƙasa

Numfashi dogo, a hankali, ba tsayawa. Ƙara wa falmaran iska ɗis-ɗis, ka jira ka ga sakamako kafin ka ƙara, har ka ji ba ka hawa ba ka sauka. Daga nan huhunka ne sitiyari: ka ja ka ɗan tashi, ka saki ka ɗan sauka. Naɗe hannuwa a ƙirji.

Ruwa in ya shiga tabarau, danna samansa a goshi, ɗaga kai kaɗan, hura ta hanci. Bakin shaƙa in ya fita, riƙa sakin ƙananan kumfa ta baki har ka mayar da shi, danna maɓallin gabansa ya kore ruwan, sannan ka ja. Tari ko amai ma a cikinsa ake yi, ba a cire shi.

Duba agogon iska akai-akai. Nuna wa jagora in ka kai bar 100, kuma ka kasance a saman ruwa da 50. Wanda iskarsa ta fara ƙarewa shi ke yanke lokacin kowa, kuma sabon shiga ne kusan kullum, ba abin kunya ba ne. In ka rasa abokinka, nemi shi minti ɗaya, sannan ka hau a hankali ku haɗu a sama.

Komai zai yi maka kamar ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa. Jan launi shi ke fara ɓacewa, tun wajen mita 5, shi ya sa hotuna ke fitowa shuɗaye in babu fitila. Ƙara kuwa za ka ji ta sarai amma ba za ka gane ta inda take zuwa ba.

Kar ka taɓa komai. Murjani dabba ce mai rai, wani irin bai wuce santimita ɗaya yake girma a shekara ba, bugun takalmi ɗaya ya karya aikin shekaru. Wani yana ƙuna kamar wuta. Bushiyar teku tana da ƙaya mai karyewa cikin fata, akwai kifi mai dafi da ke kwance kamar dutse, akwai dodon koɗi mai tsini da ke harbi. Kunkurun teku iska yake shaƙa kamar mu, in ka tare masa hanyar sama ka cuce shi. Ni kyamara ma ba na ba sabon shiga shawarar ɗauka a nutson farko, hannu da hankali duk suna da aiki.

11. Hawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne hura falmaran don a tashi. Akasin haka ake yi: iskar cikinta tana buɗewa da kanta, kai kuma kana sace ta kaɗan-kaɗan kana kaɗa ƙafa. Tsohuwar iyaka mita 18 ce a minti, kwamfutocin yanzu wajen 10 suke so. In babu kwamfuta, kada ka wuce ƙananan kumfarka, kada kuma ka wuce jagora. A mita 5 a tsaya minti 3. Mitocin ƙarshe su suka fi buƙatar haƙuri, domin a nan matsi ya fi saurin canzawa. Hannu ɗaya sama, ido sama, kunne yana sauraron inji.

Kana fitowa ka cika falmaran. Tabarau da bakin shaƙa su zauna a wurinsu har ka hau jirgi. Kada ka tsaya ƙarƙashin wanda ke kan tsani, in ya zame tukunyarsa a kanka za ta sauka. Nisanci farfela ko da an ce inji a kashe yake. In kun fito nesa da jirgi, ku haɗu wuri ɗaya, jagora zai hura doguwar balan-balan mai launi don a hango ku.

12. Hutu a tsibiri

Tsakanin nutso biyu akan huta kamar sa'a guda don jiki ya rage naitirojin. Sha ruwa, shiga inuwa, cire rigar roba zuwa ƙugu in akwai zafi. Ba lokacin hawan dutsen tsibiri ba ne ko nutso da riƙe numfashi. Tsibirai da yawa wuraren kariya ne, ba a ɗaukar ko ɓawon koɗi, ba a ciyar da kifi, shara kuma tana komawa jirgi. Nutso na biyu bisa al'ada ba ya kai na farko zurfi. In ka gaji ko sanyi ya kama ka, zauna a jirgi, ba wanda ke bin ka bashin dalili.

Wanda wani abu ya harba kada ya murza wurin, kada ya zuba ruwan sha a kan harbin halittun teku masu yauƙi da ake kira jellyfish, ya bar ma'aikatan jirgi su duba. Sukar ƙaya mai dafi ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa ake jiƙa ta a ciki.

13. Bayan an dawo

Ɗauraye kaya da ruwan daɗi, a shanya a inuwa. Rufe mashigar na'urar shaƙa da murfinta kafin ruwa ya taɓa ta. Rubuta zurfi, lokaci, kaurin riga da nauyin dalmar da ka ɗauka, domin fita ta gaba ba sai an sake lalube ba.

Daren nan a guji motsa jiki mai tsanani, wanka da ruwa mai zafi sosai, barasa, da hanyar mota mai hawa tsauni. Ka kula da jikinka har sa'a 24. Ciwon gaɓa musamman kafaɗa ko gwiwar hannu, ƙaiƙayi ko jan tabo a fata, mutuwar hannu ko ƙafa, jiri, wahalar numfashi, ko gajiyar da ta wuce misali, duk alamun kumfar naitirojin a jiki ne. Kada a ce bari a ga safiya, kada kuma a koma ruwa wai don a gyara. A kwantar da mutum, a ba shi oksijin in akwai, a kira agajin gaggawa, a gaya wa likita cewa nutso ya yi da tukunya, zurfi kaza, ƙarfe kaza ya fito.